Biyar ga Wata

In ana maganar cika alkawari a Birnin Lalle, kafin a rufe baki sai an ambaci Abarci. Shi ma ya sani, kuma ba ya ɓoye cewa ya sani. Makiyayi ne mai shanu kaɗan da baki mai yawa, amma fa in ya ce maka Laraba, to Laraba za ka gan shi ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Bara ya ci bashi a wani ƙaramin banki a Dakoro, ya sayi amalanke da jaki. Ranar da aka ƙirga masa kuɗin aka ce ya riƙa biya duk biyar ga wata. Har dariya ya yi. Shi da mutanen unguwa ke zuwa tambayarsa ko wata ya tsaya, shi za a koya wa biyar ga wata? Tun daga nan, da ya hango jinjirin wata bayan magariba sai ya soma lissafi, rana ta biyar kuwa yana kan kabu-kabu da kuɗinsa ƙulle a lalita.

Kowane zuwa, mai karɓar kuɗi yakan ce akwai fenalite, ya ƙara masa 'yan canji a kan abin da zai biya. Abarci ya ɗauka wani harajin hatimi ne irin na mutanen biro, wato ofis, ya riƙa biya. Saƙonnin Faransanci da ke shigowa salularsa kuwa, cewa yake tallan kamfani ne, matarsa Kadija ta share masa su. Da haka ya biya bashin kakaf.

Bana damina ta yi gardama. Ciyawa ba ta yi ba, kowa ya san bazara za ta yi zafi a kan dabbobi. Harawa da dusa suna da sauƙi yanzu da aka gama kaka, amma in aka yi sake sai sun ninka. Abarci ya yi shawarar ya koma ya karɓi sabon bashi ya cika rumbu. In ba haka ba, ba makawa sai ya sayar da Marainiya, jar karsanar da uwarta ta mutu wurin haihuwa, shi ya raine ta da nonon akuya a kwalba. Kadija takan yi masa tsiya ta ce ko 'ya'yan cikinsa ba su samu wannan gatan ba.

Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya tafi Dakoro. A hanya har ya gaya wa mai kabu-kabu cewa irinsa ba ya neman bashi, bashi ke nemansa.

Wadda ya tarar a biron bankin wata yarinya ce mai tabarau, Madam Fadimata. Ta gaishe shi da ladabi, ta buga sunansa a na'ura, ta daɗe tana kallo. Sai ya ga tana cije leɓe, kamar mai hana kanta dariya.

"Baba, ba ka taɓa biya a kan lokaci ba. Ko sau guda."

Abarci ya duba bayansa ya ga ko da wani take. Ba kowa sai fanka. Ya ce mata ta sake dubawa, ƙila wani Abarcin ne, akwai wani a Mai Yara, kuma wannan kam ba abin da ba zai iya ba. Ta karanto masa sunan ubansa da na garinsu. Shi ne dai.

Ta juyo masa da na'urar, duk da ba karatunta yake ba, ta nuna masa jan layi a jere, kowane da fenalite ɗinsa, wato tarar latti. Ta ce abin da ya ba ta mamaki shi ne yadda yake shiryuwa a hankali. Farkon biya ya makara wajen sati uku. Wata na gaba ya rage kwana guda, na gaba ma haka, bai taɓa fashi ba. Ta ce ta ga masu latti iri-iri a aikin nan, amma mai tuba kwana ɗaiɗai kowane wata, a kansa ta fara gani.

Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce shi ba mutumin banza ba ne, a tambayi duk Birnin Lalle. Ya soma lissafo mata: biyar ga watan Azumi da ƙishirwa ya zo, biyar ga watan Ƙaramar Salla ya zo, biyar ga watan Layya ma da ake ta hada-hadar raguna ya bar kasuwa ya zo.

Fadimata ta cire tabarau ta ajiye.

"Baba, wane wata kake dubawa?"

"Wata nawa ne a sama, ɗiyata?"

Ta nuna masa kalandar da ke rataye a bango. Ya dube ta, ya dubi kalandar, sannan ya zauna, don dā a tsaye yake faɗan. Ta yi masa bayani a hankali: watan sama ya fi na kalanda gajarta, shi ya sa lattinsa ke raguwa da kansa. Da bashin ya ƙara shekara guda, da watansa ya kamo nasu. Nan dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da buga gwiwa, ita ma ta saki tata.

Da dariyar ta lafa ya ce to tunda an gane, ta sa hannu ta goge jan layin. Ta ce ba ta da iko. Abin da aka rubuta ya riga ya tafi wata babbar ma'ajiya da duk bankuna ke dubawa, kuma can ba a rubuta dalili, rana kawai ake rubutawa. Ko ya je wani banki a Maraɗi, abin da za su gani ke nan. Ta ce za ta iya roƙa masa ɗan ƙaramin bashi, in ya biya shi daidai sunansa zai soma wankuwa, baɗi a sake magana. Ta faɗi kuɗin. Ba su kai abincin shanunsa na sati biyu ba.

Ya karɓa dai, ya roƙi kalanda guda aka ba shi. A gida Kadija ta rataye ta a ƙofar ɗaki, ta ce daga yau in ya fita duban wata sai ya sunkuyar da kai. Ya yi murmushi, amma tuwon ranar bai ci rabi ba.

Ranar kasuwar Dakoro ya ja Marainiya da kansa, bai bari dillali ya taɓa igiyarta ba. Wanda ya taya shi ne Agali, wani Buzu da suka daɗe suna haɗuwa a bakin rijiya. Abarci ya zaɓe shi ne don ya san shanunsa ba sa kwana da yunwa. Suka daidaita, sai Agali ya ce kuɗin da ke hannunsa rabi ne, sauran sai biyar ga wata.

Abarci ya buɗe baki zai tambaye shi wane watan, sai ya fasa. Ya san wanda Agali ke dubawa. Ba takarda, ba hatimi, ya miƙa masa igiyar.

"Allah shi kai mu. Ka riƙa jiƙa mata dusar, ba ta cin busasshiya."

Agali ya ja, karsanar ta tirje, ta juyo tana neman hannun da ta saba. Abarci ya juya mata baya ya nufi layin masu harawa, yana tambayar farashi da ƙarfi, da wata murya da ba tasa ba.