Jan Fenti a Jikin Madaci

Malamin daji ya durƙusa ya zagaya kututturen da igiyar awo, duk da ya san aikin banza yake yi. Fom ɗin da ke hannunsa kaurin bishiya yake tambaya, ba kaurin abin da ya rage bayan an sare ta ba. Wannan ne kututture na goma sha tara tun safe, kuma kowanne da ɗan ragowar jan fenti a gindinsa. Da ya miƙe sai da gwiwarsa ta yi ƙara. Ya gaji ƙwarai, kuma ba tafiyar ce kaɗai ta gajiyar da shi ba.

Dajin dai suna ne ya rage masa. Gidaje sun matse shi ta kowace kusurwa, har in ka tsaya a tsakiyarsa kana jin kukan injin niƙa. Abin da ya hana shi ƙarewa yarjejeniya ce da ofishin gandun daji ya ƙulla da ƙungiyar masu itace: su ɗebi busasshe, su sari abin da aka yi wa alama kawai, su tsare sauran. Gida wajen ɗari uku ke hura wuta da wannan yarjejeniya. Duk shekara malamin yakan shigo ya ƙirga, ya auna, ya rubuta rahoto. Sharaɗin kuwa a fili yake, ranar da rahoto ya ce an yi sara ba izini, ranar za a soke ta a zagaye dajin da waya.

Bara ne ya zaɓi manyan bishiyoyin madaci ashirin da huɗu waɗanda za a bari su zubar da iri. Rawaya ake shafa wa irinsu. Da ya je sito, mai sito ya ce rawaya ta ƙare tuntuni, ya turo masa gwangwanin ja yana cewa fenti ai fenti ne, bishiya ba ta san kala ba. Ya karɓa ya shafa, da niyyar zai biya ya yi wa shugaban ƙungiyar bayani. Sai aka tura shi kwas. Ya dawo aka haɗa masa wani dajin, babur ɗinsa kuma ya kwanta. Yau gobe, yau gobe, har shekara ta zagayo.

Shugaban ƙungiyar kawunsa ne, ƙanin mahaifiyarsa. Malamin ya same shi a rumfarsu ta bakin daji yana wasa gatari. Tsohon ya tarbe shi da fara'a, ya tambayi gida da yara, ya zolaye shi cewa kujerar ofis ta fara fito masa da tumbi. Sannan ya gyara zama irin na mai jiran yabo.

"Ka zaga ka gani ko, ɗana? Ko reshe ba mu taɓa ba sai wadda ka sa wa ja. Yadda ka koya mana, ja a sara, rawaya a bari."

Ya ci gaba da ba shi labarin yadda wasu suka ƙi, suka ce ba a sare bishiya mai lafiya irin wannan. Shi kansa sai da hannunsa ya yi nauyi, don akwai wadda ya sani tun yana yaro. Amma ya tsawata musu, ya ce mai ilimi ya fi su gani, wataƙila ciwo ne a cikinsu da ido ba ya kamawa. Ruwan sama ne ya tsayar da su, saura biyar, mako mai zuwa za su ƙarasa.

"Kawu, ku bar biyar ɗin nan."

"Ja ne fa a jikinsu."

"Na sani. Wannan jan na bari ne, ba na sara ba. Rawaya ce ta ƙare, ni kuma ban zo na faɗa muku ba."

Tsohon ya ajiye gatarin a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Kunya ta rufe malamin har ya rasa inda zai sa idonsa.

"To me za ka rubuta?" in ji kawun.

Malamin shi ma bai sani ba tukuna.

Da la'asar ya isa ofis. Fankar ta mutu kamar kullum, shugaban sashe yana fifita da wani tsohon fayil. Ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya ja fom ɗin ya nuna masa layin dalilin asarar bishiyoyi. Gurbi huɗu ne: gobara, cuta, iska, sara ba izini. Ya ce ba wanda zai yarda da gobara ko iska a kan kututturen da ke da sawun gatari, kuma na sama sun daɗe suna neman dalilin kafa wayar nan. Ya shawarce shi ya sa alama a na huɗu, magana ta ƙare, ba mai tambayar kalar fenti.

"Shekara uku ta rage maka ka yi ritaya," in ji shi. "Kada ka jawo wa kanka."

Malamin ya zauna da biro a hannu. Ya tuna shekara ashirin da bakwai da ya yi yana shiga ƙaya ba a taɓa rubuta masa takardar gargaɗi ba. Tsoro ya ji, ba kaɗan ba. Ya ɗauki rula ya ja layi a ƙarƙashin huɗun, ya zana gurbi na biyar, ya rubuta kusa da shi: kuskuren malamin daji. Ya sa alama, ya sa hannu.

Shugaban ya duba ya girgiza kai.

"Kwamfuta ba ta karɓar layi na biyar."

"To a bar min shi a hannu, ranka ya daɗe. Gobe ni zan kai shi sama da kaina."