Fili Babu Kowa a Argungu

Riskuwa mai gyaran babur ne a unguwar Nassarawa, cikin Birnin Kebbi, amma in ka tambaye shi a bakin kasuwa ba wanda zai ce maka makanike. Sai dai a ce, "Au, Riskuwa na Fadama?" Fadama ita ce ƙungiyar ƙwallon da matasan garin suka kafa shekara tara baya, lokacin shi ma yana buga baya, kafin gwiwarsa ta hagu ta ƙi. Da ya bar fili sai ya koma bakin layi. Shi ke tara magoya baya, shi ke neman mota in wasa ya kai su wani gari, kuma shi kowa ke tsayawa ya tambaya in an ji wani abu.

A shekarar 1986 tambayoyin suka fi ƙarfinsa. Wasa shida aka buga a gasar jiha, aka lallasa Fadama a biyar. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Maliki, ɗan kwangila ne da aiki ya mayar Sakkwato, sai bayan mako biyu yake leƙo gida. Sakatarensa, Abdussamadu, mutum ne mai fara'a da tsabtar riga, amma amsarsa ɗaya ce kullum. In ka ce me ya sa aka ajiye lamba tara a benci, ya ce, "Kwamiti shina dubawa." In ka ce ina koci Irimiya, mako uku ba a gan shi wajen atisaye ba, ya ce ya tafi ganin gida, kwamiti na sane. Riskuwa bai taɓa ganin wannan kwamiti zaune ba.

Duk da haka, da aka ce ranar Asabar za a kara da Argungu a can gidansu, Riskuwa ya ɗaura ɗamara. Wasan Argungu ba kamar sauran ba ne. Ko an ci ka goma a wani wuri, in ka doke su, ka samu abin faɗa har shekara ta zagayo. Ya samu babbar motar da ke ɗaukar shinkafa, aka share ta, aka shimfiɗa tabarmi. Mutum arba'in da wani abu suka hau daga Nassarawa. A Ambursa suka tsaya suka ɗauki wasu, har da Baba Tamba, dattijon da bai taɓa fashin wasan Fadama ba, wanda ya bar masu yankan shinkafa a gonarsa ba mai tsaya musu. Aka yi ta kiɗan kalangu da waƙa a hanya, ƙyallen ƙungiya kore yana kaɗawa a saman mota.

Da suka isa filin Argungu, awaki suka tarar suna kiwo a tsakiya. An cire raga duka biyu. Layin tokar da aka zana yana nan fes, amma babu ɗan wasa, babu alƙali, babu ko mai sayar da rake.

Kalangun ya yi shiru da kansa. Riskuwa ya diro, ya nufi wani mai albasa da ke ɗinke buhuna a gindin darbejiya. Ya san shi, Hodi ne, sun sha haɗuwa a wasanni.

"Hodi, lahiya? Ina mutane?"

Hodi ya dube shi, ya dubi motar cike da jama'a, ya ajiye basilla a hankali. "Riskuwa, da gaske kake? Ai jiya anka yi wasa. Ko in ce ba a yi ba. Tun wancan mako anka maishe shi Jumu'a. Alƙali ya zo tun daga Sakkwato, munka cika hilin ga, anka yi ta jiranku. Da ya gaji ya hura usur, ya ba mu maki."

"Ba wanda ya hwaɗa muna."

"To, wanga kuma tsakaninku na."

Kafin ya koma mota labari ya kai bakin titi. Matasan Argungu suka fara taruwa suna tafi, wani na kwaikwayon kiɗan da suka shigo da shi. Riskuwa ya ji fuskarsa ta yi zafi kamar ya kifa ta a kan injin da ya daɗe yana aiki. Ba dariyar ce ta fi ci masa rai ba. Baba Tamba ne, da ya sauko da ƙyar, ya tsaya riƙe da sandarsa yana kallon awakin, sannan ya ce a hankali, "To su yaranmu fa, suna ina? In ba su san an sake rana ba, ai da yanzu suna nan."

Nan Riskuwa ya gane. Tunda 'yan wasa ba su zo yau ba, ke nan wani ya ji labari tun jiya, ya hana su tahowa, ya kuma bar mota cike da mutane ta kama hanya bai ce uffan ba.

A hanyar dawowa wasu suka ce a wuce kai tsaye ofishin ƙungiya a farfasa tagogi. Riskuwa ya miƙe, ya riƙe ƙarfen mota.

"In munka hwasa taga, gobe zancen taga za a yi, a mance da abin da anka yi muna. Ku ba ni kwana shidda. Wallahi sai mun ji daga bakin mai ita."

Washegari da hantsi, bayan an taso daga coci, ya hau babur ya nufi gidan koci Irimiya. Malamin motsa jiki ne a wata sakandare, mutumin Filato, ya kusa shekara goma a garin. Wanda aka ce ya tafi ganin gida, Riskuwa ya same shi a bayan ɗaki yana ba tumatir ruwa.

"Malam Irimiya, ashe kana nan?"

"Ina zan je? Zauna, Malam Riskuwa." Ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar takarda. Layi biyu ne da hannun Abdussamadu: ya huta tukuna har sai an neme shi. "Duk ranar wasa sai a aiko mini da sunaye goma sha ɗaya daga Sakkwato. Mutumin da bai ga atisaye ko sau ɗaya ba, shi zai zaɓa mini. Sau biyu na bi, aka ci mu. Na uku na ƙi, sai ga wannan."

"To batun Argungu fa?"

"Hukumar wasanni wasiƙa take aikowa, ba ta taɓa fashi ba. Wasiƙa tana shiga akwatinmu na gidan waya. Makullin akwatin kuwa yana aljihun Alhaji." Irimiya ya ɗaga kafaɗa. "Na yi magana har na gaji. Ni baƙo ne, akwai inda zan tsaya."

"Shekara goma kana koya ma ɗiyanmu ƙwallo, kai ba baƙo ba ne," in ji Riskuwa. Ya nemi izini, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Ranar Litinin ya je wurin Abdussamadu. Sakataren ya fara da murmushinsa, ya buɗe baki zai ambaci kwamiti, Riskuwa ya shimfiɗa masa takardar a kan tebur. Murmushin ya ɓace. Ya amsa cewa tun yammacin Juma'a wani direba ya kawo masa labari, ya sanar da 'yan wasa, amma ya ji tsoron gaya wa jama'a kafin Alhaji ya ba da izini.

"Ka ga motarmu ta wuce ta ƙohwar gidanka," in ji Riskuwa.

Abdussamadu ya sunkuyar da kai. "Na gani."

Sauran kwanakin makon Riskuwa bai riƙe sifana sosai ba. Ya bi shago shago, majalisa majalisa, ya je Ambursa har cikin fadama ya samu mutane a bakin aiki. Abu ɗaya yake faɗa: Alhaji zai zo gida Juma'a, kowa ya zo da tabarmarsa, ba sanda, ba zagi, ba kalangu. Wasu suka ce ɓata lokaci ne, mai kuɗi ba ya sauraron mai gyaran babur. Wani abokinsa ya ja shi gefe ya tuna masa cewa rabin baburan da yake gyarawa na yaran Alhaji ne. Riskuwa ya ce ya sani. Ya kwana biyu abin na damunsa, amma bai fasa ba.

Ana saukowa daga masallacin Juma'a suka nufi ƙofar gidan. Mutum tamanin ne ko fiye. Suka shimfiɗa tabarmi a inuwar katanga, suka zauna shiru. Abdussamadu ya fito ya ce Alhaji ya gaji da hanya, a dawo gobe.

"Shi huta," in ji Riskuwa. "Muna nan."

Inuwa ta janye, rana ta same su, ba wanda ya tashi. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna tambaya ko rasuwa aka yi. Da la'asar ta yi, maƙwabta suka kawo butoci, suka yi sahu nan a ƙofar gida, Baba Tamba ya ja su salla. Suna sallamewa ƙofa ta buɗe.

Alhaji Maliki ya fito da babbar riga, ransa a ɓace. "Mi ke nan? Ni za ku tara ma jama'a ƙohwar gida? Wa ya sai muku riguna da takalma? Da nit tarad da ƙungiyar ga, ko ƙwallo biyu ba ta da."

Riskuwa ya miƙe. "Ranka shi daɗe, ba mu musanta ba, Allah shi saka. Ba mu zo don an ci mu ba. An sha cin mu tun kahin ka zo, ba mu je ƙohwar kowa ba. Mun zo don mun cika mota mun tahi Argungu, anka yi muna dariya, alhali akwai wanda ya sani. An ce muna koci ya tahi gida, ga shi can yana ban ruwan tumatir. Ku riƙa hwaɗa muna gaskiya, ko mai ɗaci ce."

"To in haka ne na aje! Ku nemi wani shi riƙe."

Riskuwa ya san in Alhaji ya janye, ba lalle Fadama ta kai ƙarshen gasa ba, kuma shi za a ɗora wa laifi. Amma ya ce, "In ka aje, mun gode da ka hwaɗa muna da bakinka. Yau dai mun ji abu guda daga gare ka, ba daga mutanen Argungu ba."

Wani ya yi dariya daga baya, aka yi masa tsawa. Baba Tamba ya matso da sandarsa, ya kira Alhaji da sunansa tsura, kamar yadda yake kiran sa tun yana yaro.

"Maliki, ba wanda ya ce ka aje. Aikinka na Sakkwato, Allah shi ƙara buɗi. Amma wasiƙa nan take zuwa. Ka bar makulli nan."

Alhaji ya dubi dattijon. Bai ba da haƙuri ba, fuskarsa ma ba ta saki ba. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro tarin makullai, ya yi ta fama da zoben har ya ciro ƙarami guda. Abdussamadu ya miƙo hannu, Alhaji ya wuce shi, ya danƙa wa Riskuwa.

"Tunda kai ka iya, ga shi. Koci kuma ku tambaye shi in shina so shi dawo." Ya juya ya shige gida.

Da safiyar Asabar Riskuwa da Abdussamadu suka je gidan waya tare, don Riskuwa ya ce ba zai buɗe shi kaɗai ba. Wasiƙu tara suka zubo. Sakataren ya riƙa karantawa a tsaye. Ta Argungu na ciki, ta kwana goma sha shida a akwatin. Da ya kai ta ƙarshe sai ya yi salati: wasan da za su buga da Jega an dawo da shi gobe Lahadi, ƙarfe huɗu, a nan gida.

Ba su tsaya magana ba. Abdussamadu ya tafi tattaro 'yan wasa, Riskuwa ya taka babur zuwa gidan Irimiya. Kocin ya ce zai dawo, amma shi zai zaɓi sha ɗayansa, kuma yana son a faɗi haka a gaban yara. Aka faɗa a gabansu da yammacin nan. Riskuwa ya samo tsohon allo daga wata makaranta, ya kafa a ƙofar fili, ya sa Abdussamadu ya rubuta rana da lokaci da sunan koci da alli, manya manya.

Ranar Lahadi fili ya cika. Jega suka fara ci tun kafin a huta. Ana saura minti goma a tashi, lamba tara da aka daɗe ana ajiyewa ya sa kai ya farke. Aka tashi kunnen doki. Maki ɗaya bai fitar da Fadama daga ƙasan tebur ba, kuma duk wanda ya kalli wasan ya ga bayansu a buɗe yake.

Jama'a na watsewa, Riskuwa ya tare Irimiya a bakin layi ya fara yi masa ƙorafi a kan mai tsaron gefen hagu. Irimiya ya saurare shi har ya gama, ya ce yaron zai sake bugawa mako mai zuwa, ya kuma faɗi dalili. Riskuwa bai gamsu ba, ya gaya masa haka. Daga nan ya juya ya ɗaga murya, yana tambaya su wa za su Gusau wasan ranar Asabar, don tafiyar da nisa, dole a tashi da wuri.