Ƙullutun Kwabon Baba

Har yau in na tuna raina tafasa yake yi, kuma Yayana ne ya jawo, shi da magagarinsa na goge ƙarfe.

Babanmu gyaran agogo ya yi har idonsa ya gaji. Bayan agogo, ba abin da yake so kamar tara tsofaffin tsabar kuɗi. A cikinsu akwai wani kwabon jan ƙarfe mai ɗan ƙullutu a gefe, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Baba ya ce haka ya fito daga gidan buga kuɗi: bakin hatimin ne ya ɓalle, ƙarfe ya cike gurbin.

Tun ina ƙarama yake ɗora yatsana a kai. "Yawo a hannun mutane cin kwabo yake yi, 'yar Baba. Yana shafe rubutu, yana rage shi, ba ya ƙara masa komai. Abin da kika ji ya taso, da shi aka haife shi."

Amma Ciyaman na ƙungiyarsu ta masu tara tsofaffin kuɗi, mutumin da in ka ce rana ta fito sai ya ce a kawo shaida, ya dage aikin hannu ne. Wai dalma aka ɗiga, ai mai gyaran agogo ba ya rasa dalma. A gaban jama'a ya faɗa. Shekara goma sha tara Baba yana haɗiye wannan magana, ba ta taɓa wuce masa wuya ba.

Sai aka ce wani masani zai zo ran Asabar da sikelinsa da gilashinsa, ya duba kayan kowa. Baba ba sayarwa yake so ba. So yake a wanke shi, a gaban mutanen da aka zarge shi.

Don a fita kunya, ya ba Yaya, wanda walda ce sana'arsa, ya ƙera wa kwabon ɗan akwati mai murfin gilashi. Na ce, "Yaya, akwati kawai fa." Ya harare ni. "Ke za ki koya mini ƙarfe?"

Ran Asabar da safe ya kawo akwatin da kwabon a ciki, a ɗaure da kusoshi huɗu, yana ƙyalli, shi kuma sai hura hanci yake yi. Ba wanda ya buɗe, muka wuce zauren taro. Dogon tebur, farin ƙyalle, fanka tana ƙara, Ciyaman ya hakimce a gaba. Masanin ya kwance kusoshin, ya kafa gilashi a ido, ya daɗe bai ɗago ba.

"Wa ya goge gefen nan?"

Daga can bayan zauren Yaya ya miƙe, har da gyara wuyan riga. "Ni ne, ranka ya daɗe. Ƙin zama ya yi a ramin da na yi masa cikin akwatin, wani ɗan tsini ya tokare. Sau uku kacal na bi shi da magagari. Ni aiki ba ya fita shagona da kaushi."

Sau uku kacal! Wallahi da ba a cikin mutane muke ba, da na manta shi ne babba.

"Ramin ba ya faɗaɗuwa ne, Yaya?" na ce.

"Ramin ai daidai na auna shi. Kwabon ne ke da matsala."

Kun ji fa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma shi nasa gyaran gwamma ɓarna.

Masanin ya ce da ƙullutun yana nan, minti ɗaya ya ishe shi ya gane ko jikin kwabon ne ko liƙi. Yanzu ba abin da ya rage sai sawun magagari. "Abin da zan iya rubutawa ɗaya ne, Baba. An taɓa shi da hannu."

Ciyaman ya yi gyaran murya, ya dubi dama, ya dubi hagu. "To, ai na faɗa."

Baba ya miƙa tafinsa, aka sa masa kwabon. Bai nemi gilashi ba. Babban yatsansa ya bi gefen ya zagayo, ya sake zagayowa, bai tsaya a ko'ina ba. Sannan ya juya wajen Yaya, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Shekara goma sha tara mutumin nan yana yi mini ƙarya. Yau kai ka mai da shi mai gaskiya."