Gangar Sodangi a Kan Tebur

Tun da shari'a ta zo Zamfara aka rage kiran makaɗa, Sodangi ya rataye gangarsa ta noma a zaure. Ba wanda ya hana shi, kunya ce kawai irin ta tsufa. Sai ga jikarsa Muhsina da saƙo daga makarantarsu ta Kaura Namoda. Malamin tarihi, Malam Nuruddeen, ya ce littafi ya cika da sarakuna, yana so kowane ɗalibi ya kawo tarihin gidansu. Ita kuwa, da rawar kanta, ta yi alkawarin kawo kakanta ɗungurungum.

Ya tsokane ta da cewa amarya ba ta aiken ango, amma ya sa rigar Juma'a ya bi ta. A hanya ta gaya masa 'yan aji na kiranta jikar maroƙi. Wannan magana ta tsaya masa a rai, ya ƙudura yau zai fitar da ita kunya.

Ya tsaya gaban allo zai lissafo manoman da suka sare dajin Kasuwar Daji, da matan da suka ciyar da gayya a shekarar fara. Ya kira Bawa mai gatari, ya kira Kulsumu, sai kansa ya ɗauke ɗif. Shi bai taɓa faɗin sunayen nan da baki tsura ba, kiɗa ke jawo su ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro a baya ya fara dariya.

"Malam, a yi mani gafara," in ji shi. "Mutanen ga ba su zakkuwa sai da kiɗi."

Malam ya dubi ɗalibansa. Muhsina ta ɗora tafin hannu a kan tebur ta fara bugawa a hankali, daidai yadda take ji tun tana goye. Na kusa da ita ya kama, sannan aji duka.

Sunaye suka ɓalle. Da ya kai ga Magaji mai rijiya, yaron nan mai dariya ya miƙe ya ce kakan babansa ne.

Sodangi ya ji daɗin da ya manta rabonsa da shi. Da Malam ya zo yi masa godiya, tsohon ya riƙe hannunsa.

"Ni ka godiya, Malam. Ba don yau ba, da ni da sunayen ga za a rufe rami guda."