Feɗuwar Motar Alhaji Badamasi

Tun daga kwanar Bunkure na ji ta. A-kori-kura ce fara, an shaƙe ta da kwandunan tumatir, duk sanda direba ya taka totur sai ta yi wata siririyar feɗuwa. Na san motar. Na san mai ita.

Ina zaune a rumfata ta gyaran mota a bakin titin Kura, ban tashi ba.

A nan wajenmu, ruwan rani bi da bi ne. Ranar da aka sako wa layinku ruwa, ka ɗora baƙaƙen tiyonka a kan gaɓar kwatar da ke kawo ruwan, su zuƙo shi zuwa gonarka. Tiyo duk kama ɗaya ne, shi ya sa kowa ke ƙona nasa da ƙusa mai zafi. Shaidar mahaifina, Malam Dattijo, ƙafar kaza ce.

Bara, ranar ruwanmu, Baba ya je bai tarar da tiyonsa ba. Ya ce da asuba ya hangi Alhaji Badamasi, mai gonar da ke sama da tamu, yana loda su a mota. Aka taru a bakin kwata. Alhaji ya yi dariya, ya ce tsufa ne, mutum ya fara ganin abin da babu. Jama'a suka taya shi. Ruwa ya wuce mu, alkama ta ƙone tana shirin fidda kai. Alkama ba komai ba ce. Sunan da aka liƙa wa Baba ne ciwon: Dattijo Mai Mafarki. Tun daga nan bai ƙara zama a majalisar ƙofar masallaci ba. Ya idar da salla, ya sunkuyar da kai, ya shige gida.

Motar ta tsaya a gabana. Alhaji ya fito yana riƙe da sabuwar wayar hannu yadda kowa zai gani. A baya, kan kwanduna, akwai 'yan lodi da manoma masu rakiyar kayansu kasuwa. Cikinsu har da Luke, mutumin Filato da ke noman albasa a gefen gonarmu.

"Kai, Lukmanu ɗan Mai Mafarki! Zo ka duba mini. Ta ishe ni da kuka, ga ta ba ta ja."

"To, Alhaji."

Na buɗe bonet. Na ce wa direba ya tayar. A tsaye shiru take. Ya taka, ta feɗa. Na fara zargin fambel, na yayyafa masa ruwa. Da shi ne, da kukan ya ɗauke na ɗan lokaci. Bai ɗauke ba. Na duba salansa, babu baƙin hayaƙi a mahaɗa. Saura iska. Na ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ina bin bututun da ke kai iska daga tukunyar tace ƙura zuwa kafireto. Ina dafe wani wuri da aka naɗe da robar tayar keke, kukan ya mutu.

A nan ramin yake. Injin na zuƙar iska ta tsaga, da ƙurar hanya gaba ɗaya.

Na tsaya. Shaiɗan ya zo mini da dabara mai sauƙi: in shafa sabulu a tsagar, in mayar da robar. Feɗuwa ta yi shiru yau, gobe tsagar ta buɗe, injin ya yi ta cin ƙasa har ya buga a tsakiyar daji, tumatir ya ruɓe. Na ji daɗin tunanin. Amma ba kayansa kaɗai ne a motar ba, kuma mutuwar mota ba za ta wanke Baba ba.

Na warware robar don in ga girman tsagar. Ashe ba bututun mota ba ne. Guntun tiyon ban-ruwa ne aka yanko aka cusa, zafin inji ya busar da shi ya dare. Na juya shi da yatsa. A ƙasansa na ji tabon ƙuna. Ban buƙaci in duba ba, tun ina firamare nake riƙe wa Baba ƙusar.

Na saki tiyon. Na ɗago kai.

"Alhaji, wane gwani ne ya yi maka wannan aikin? Ya iya dabara."

Ya matso yana murmushi. "Wane gwani? Ni ne nan! Na ainihin ya fashe mini a gona, na yanko cikin tiyona na sa. Ku makanikai sai ku ce sai an je Kano."

"Cikin naka?"

"Na wa kuma? Daga sitona, da hannuna."

"Kun ji ko?" na ce da na saman mota.

"Mun ji mana," in ji wani. "Alhaji injiniya!"

Na kwance shi, na goge da tsumma, na miƙa wa Luke. "Baban Saloma, karanta mana."

Luke ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kai! Wannan ai ƙafar kazar Malam Dattijo ce."

Ya miƙa wa na kusa da shi. Ya bi hannu hannu. Babu wanda ya yi dariya.

Alhaji ya ce, "Ai tiyo yakan cakuɗe a bakin kwata..."

"Bara ka rantse ko taɓa su ba ka yi ba," in ji Luke. "Ina wurin."

Na shiga rumfa, na ɗauko bututu na ainihi da na cire a wata matacciyar mota. Na sa, na ɗaure bakinsa biyu tamau. Direba ya taka har ƙasa. Inji ya yi gurnani, babu feɗuwa.

Alhaji ya ja ni gefe, murya ƙasa ƙasa. "Ɗana, ba ni guntun nan. Zan je in ga Malam da kaina, mu kashe maganar a gida."

"A bakin kwata ka faɗa, Alhaji. A can za ka janye."

"Haba, Lukmanu. Ka dubi girmana."

"Na duba."

Na karɓi tiyon daga hannun mutane, na rufe rumfa da rana tsaka. Baba yana zaure yana gyara ƙotar fartanya. Na ajiye guntun a kan tabarmarsa. Ya shafa tabon da babban yatsa.

Da la'asar ya sa babbar rigarsa. Bayan salla bai shige gida ba. Ya zauna a tsakiyar majalisa, ya ɗora tiyon a kan gwiwa, yana jira.