Waldar Sada Ɗan Maƙera

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, duk inda ka juya a Katsina gini ake yi. Motocin tifa na sauke yashi, gidajen siminti na tashi a bayan ganuwa, kuma kowane mai gida ƙofar ƙarfe yake so da tagar ƙarfe. Wanda ya iya walda a lokacin, shi ake bi.

Sada yana da shekara talatin da biyu. Maƙeri ne ɗan maƙeri, ya tashi a gaban zuga-zugi a rumfar mahaifinsa Dabo, kusa da Babbar Kasuwa, inda suke ƙera fartanya da lauje da galma. Wata rana wani ɗan kwangila ya zo neman wanda zai haɗa masa ƙofofin wata makaranta. Sada ya ce a ba shi sati ɗaya da injin, zai gane kan abin.

"Kana da takardar shaida?" in ji ɗan kwangilar.

Babu. Mutumin ya shiga motarsa, ya je Kano ya ɗauko masu walda.

Abin ya tsaya wa Sada a rai. Da aka buɗe kos na wata shida a makarantar koyon sana'a, ana yi bayan la'asar, sai ya je ya sa sunansa, sannan ya gaya wa mahaifinsa.

Dabo bai ko ɗago kai daga uwar maƙera ba. "Mi za su koya maka? Ƙarfe dai ƙarfe ne. Kakanka da takarda ya yi ƙira?"

"Baba, zamani ne ya zo da shi."

"To, tahi."

Sada ne babba a ajin, har sauran suna ce masa Yaya. Malaminsu, Malam Idi, ya daɗe yana aikin reluwe a Zariya kafin ya dawo gida, mutum ne mara yawan magana. A makon farko Sada ya raina baƙin gilashin da ake rufe fuska da shi, yana ganin idon da ya saba da wutar maƙera ba abin da zai same shi. Kwana biyu ya yi kamar an zuba masa yashi a ido, matarsa Safara'u na ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma tana ƙunshe dariya. Ita ta gama firamare, saboda haka ita ce take karanta masa littafin aji kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana faɗin sunayen Turanci yana maimaitawa. In ya karkace baki ta ce, "Maigida, sake dai."

Hannunsa kuwa bai ba shi wahala ba. Kafin wata uku layin waldarsa ya fi na kowa kyau, a jere sumul kamar kitso. 'Yan aji kan taru su kalla. Malam Idi kaɗai ne kan ce, "Rage sauri, Sada," shi kuma yana jin haka kamar hassada.

Ranar jarrabawa mai gwaji ya zo daga Kaduna. Aka ba kowa faranti biyu na ƙarfe ya haɗa. In ka gama, sai a ɗaure aikinka a bais, wato abin matse ƙarfe, mai gwajin ya sa guduma. Na wasu, duk muninsa, ya lanƙwashe bai rabu ba. Na Sada a bugu na uku ya ɓalle gida biyu.

Ya roƙi a ba shi guntayen, ya sa a aljihu. Bai nufi gida ba, ƙafa ta kai shi rumfar mahaifinsa. Yana jiran ya ji "ai na gaya maka," amma Dabo hannu kawai ya miƙa. Ya fita da guntayen bakin rumfa inda haske yake, ya daɗe yana juya su, yana shafa wurin da ya karye da babban yatsa.

"Zo ka gani," ya ce. "Wuta ba ta shiga cikinshi ba. Ka dafa baya, ciki ɗanye. Ga kuma kashin ƙarfe nan ka rufe a tsakiya. Wanga aiki, ko a maƙera ka yi mani shi, sai na jefar."

"Malaminmu ya sha ce mani in rage sauri."

"Ashe ya san ƙarfe." Dabo ya miƙa masa guntayen. "Yaushe za a sake?"

"Bayan wata uku."

"Duk abin da ka haɗa, ka kawo mani."

Haka aka yi. Kowace Alhamis Sada kan zo da abin da ya haɗa a aji, tsohon ya ɗora a uwar maƙera ya sa masaba. Wanda ya karye su duba cikinsa tare. Maƙwabta masu sayar da gawayi har sun san ranar, su kan matso su yi kallo, suna musu ko wannan zai jure. A mako na bakwai Dabo ya buga, ya buga, har ya yi gumi, ƙarfen ya naɗe kamar ganye amma haɗin bai motsa ba. Ya ajiye masaba ya ce a ba shi ruwa.

Da mai gwajin ya dawo, Sada ya ci. Ya yi shekara biyu yana aiki da wani kamfanin gine-gine, sannan ya sayi injin kansa ya buɗe shago a unguwar Kambarawa. Ƙofofi da yawa na wancan lokacin aikinsa ne.

Wata safiya yana cikin aiki ya ga mahaifinsa tsaye a bakin shago da sandarsa. Bayan sun gaisa, tsohon ya nuna baƙin gilashin. "Ba ni abin nan." Sada ya riƙa masa a fuska, ya sa wani gilashin, ya kunna wuta a hankali. Dabo ya sunkuya yana kallon ƙarfe na narkewa yana bin sandar walda kamar ruwa.

"Ikon Allah," ya ce. "Shekara hamsin ina ƙira, ban taɓa kallon cikin wuta haka ba. Ƙara yi."

Sai da aka kira azahar ya tashi. Daga nan ya riƙa zuwa duk ranar da kasuwa ta yi sanyi, a ajiye masa benci a inuwa, har shekarar da ciwon ƙafa ya hana shi fita.