Tsarabar Maiguwa

Shekara goma sha tara ke nan mijina Rabo da abokansa biyu, Tasi'u da Maiguwa, suna kiɗa a zaurenmu na Tamaske, kuma waƙarsu guda ɗaya ce tal. Rabo da Tasi'u ke kaɗa jita, Maiguwa ke buga ƙwarya. Da kaka ta wuce kowa sai ya tafi ci-rani. Idan damina ta dawo da su, kowa ya ƙara wa waƙar sabon yanki, suna kiransa tsaraba. Yanzu ta kai awa ɗaya da rabi. Ba a kiransu biki, don 'yan mata na fara rawa kiɗan zai sauya, a bar su da ƙafa a sama. Sau ɗaya aka sa su a rediyo, shi ma lokacin labarai ya yi aka katse. Ni na sha kushe waƙar nan, amma na haddace ta kaf.

Bana Maiguwa ya dawo daga Abijan da shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ba ya motsi. Ranar da suka taru bayan la'asar, ya shigo da ƙwaryarsa a hammata ya ajiye gaban Rabo.

"Ku nemi wani ku ba shi," in ji shi. "Bana ban kawo komi ba."

Mutumin nan ba mata, ba ɗa, zauren nan ne gidansa.

Rabo bai ko dube shi ba, yana ta ɗaure tsirkiya. "Mi kac ce? Wa yat taɓa dawowa hannu rabbana? Zamna ka buga muna abin da kas samu."

Maiguwa ya kifa ƙwaryar ya buga da hagu. Bugu uku, sai shiru inda hannun dama ya kamata ya sauka. Ya sake, shirun na nan. Kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai.

Tasi'u ya ce, "Maimaita, aboki. Wagga tsaraba ba mu da irinta."

Ya maimaita. Tasi'u ya bi shi da jita, Rabo ya shigo, kuma duk inda shirun ya zo su ma sai su ɗauke hannu, ba wanda ya cike gurbin. Ina tankaɗe a tsakar gida, na ajiye rariya na sha kukana.

Da suka tsaya, Maiguwa ya share fuska da hannun riga, ya harari Tasi'u.

"Ka cika gaugawa," ya ce. "Mu koma hwarko."